Yadda ake haɗa Glühwein, giyar inabi mai ɗumi ta hunturun Jamus

Mu mutanen Jos muna da taƙama da sanyi. Idan baƙo ya zo mana daga Kano ko Sakkwato a watan Disamba yana rawar ɗari, dariya muke masa. Ranar da na fara tsayawa a kasuwar Kirsimeti ta birnin Nürnberg na gane cewa abin da muke kira sanyi a gida ƙanin sanyi ne. Ƙarfe biyar na yamma bai yi ba gari ya yi duhu, yatsun ƙafata sun daina jin takalmi, ga kuma jama'a tsaitsaye a waje suna ta hira kamar ba su da gidan komawa. Kowa ka duba ya rungume ƙaramin kofin tangaran da hannu biyu, tururi na tashi. Ƙamshin da ya cika dandalin kuwa ban ji shi baƙo ba: kanumfari ne da kirfa da ɓawon lemo, tamkar ka wuce ta gaban teburin mai shayi da asuba.

Abin da ke cikin kofin shi ne Glühwein. Bari in faɗa tun daga farko don kada wani ya ruɗu da ƙamshi: giya ce. Jar giyar inabi ce ake ɗumamawa da kayan ƙamshi da sukari. Wanda addininsa ko lafiyarsa suka hana shi sha, akwai irin wanda babu giya a ciki ko ɗigo, shi ma Jamusawan suna yin sa, kuma zan kawo yadda ake haɗa shi a ƙasa. Amma ko shi ɗin, zai fi kyau mutum ya karanta na farkon, don hannun ɗaya ne.

Sunan daga kalmar Jamusanci ne mai nufin abu ya yi jawur kamar garwashi. Dabarar ta tsufa ƙwarai, tun Romawa suke zuba zuma da masoro a giyar inabi. Kasuwannin da ake shan sa su ma ba na jiya ba ne: ta Dresden ta fara tun 1434, ta Strasbourg a Faransa kuma tun 1570. Na kwalba wanda ake saya a kanti a zo a ɗumama, wani mai suna Rudolf Kunzmann ne ya fara sayar da shi a Augsburg a 1956. Yanzu har doka gare shi a Tarayyar Turai: duk abin da za a sayar da wannan suna dole ya kasance daga giyar inabi, ja ko fara, ƙarfin barasarsa kada ya gaza kashi 7 cikin ɗari, kuma an hana mai sayarwa ya tsarma shi da ruwa. Na kwalbar nan, a ganina, zaƙi ya yi masa yawa, kamar an narka alawa. Shi ya sa na koyi yin nawa, a hannun tsohuwar da na yi haya a gidanta, wadda kowa a gidan ke kira Oma, wato Kaka.

Giyar da za ka saya

Kwalba ɗaya, mililita 750. Tana fitar da kusan kofi huɗu ƙanana, don kofin da aka saba sha da shi mililita 200 yake ci. Nemi ja, marar zaƙi. A Jamus za ka ga an rubuta trocken a jikin kwalbar. Dalilin zaɓen marar zaƙi shi ne sukarin ya kasance a hannunka. Wadda aka riga aka zaƙaƙa ba ka da yadda za ka yi ka rage mata.

Kada ka sayi mai tsada, asara ce, kanumfari zai danne duk wani abin da ka biya kuɗi dominsa. Kada kuma ka sayi wadda ba za ka iya kurɓa da sanyinta ba, don wuta ba ta gyara mummunar giya, fito da aibinta take yi. Tsaka-tsaki ake nema, mai ɗanɗanon 'ya'yan itace. Dornfelder da Spätburgunder su ne Jamusawa suka fi ɗauka, Merlot ma tana yi. Wadda za ka guje wa ita ce mai bauri sosai, irin wadda ke ɗaure baki kamar ka tauna ɗanyen goro, da wadda aka daɗe ana ajiye ta a gangar itace. Baurin nan idan ya ji zafi, ɗaci yake komawa.

Kayan ƙamshi

Ga kwalba ɗaya: lemon zaƙi babba guda ɗaya, sandar kirfa biyu, kanumfari guda biyar, anis mai siffar tauraro guda biyu, sukari cokali biyu zuwa uku na cin abinci. Wannan shi ne asali. In kana so ka ƙara, sai ɗanyar citta yanka uku sirara, da kadamon guda uku da aka ɗan fasa da bayan wuƙa. Oma ba ta sa citta. Ni ina sawa, don ɗan da ya tashi yana ganin cittar Kachia a kasuwa ba zai ɗumama abin sha ya bar ta ba.

Duk kayan nan a sa su ɗungurungum, ba gari ba. Wannan shi ne kuskurena na farko. Na ga ina da garin kirfa a kabad, na ce ai duk ɗaya ne, na zuba cokali guda. Garin bai narke ba, bai kuma kwanta ba, sai ya mayar da giyar kamar ruwan kududdufi, mai yauƙi a ƙasa, yana kama maƙogwaro. Ko da rariyar laushi aka tace ba ya fita duka.

Kanumfari a ƙirga shi, kada a ɗiba da hannu. Duk wanda ya taɓa sa shi a haƙori mai ciwo ya san yadda yake kashe baki. Biyar sun isa. Goma za su mayar da abin sha magani. Anis ɗin kuma a saye shi a wurin kayan abinci. Akwai wani mai kama da shi sak, ɗan Japan, wanda guba ne, ana sayar da irinsa don adon gida. Wanda ka gani a cikin kwandon kwalliyar Kirsimeti ba na tukunya ba ne.

Lemon yana da nasa sharaɗi. Ɓawonsa za a yi amfani da shi, kuma yawancin lemon kanti a Turai an shafe bayansa da kakin ƙyalli da maganin hana ruɓewa. Nemi wanda aka rubuta Bio a jikinsa, wato wanda aka noma ba da takin zamani da magungunan feshi na kamfani ba, sannan duk da haka ka wanke shi da ruwan zafi ka goge da tsumma.

Tukunya: ta ƙarfe marar tsatsa, ko mai rufin fenti irin na langa, mai murfi. Ban da ta dalma, ban da ta tagulla marar rufi, domin giyar inabi tana da tsami, tsami kuma yana cin waɗannan ƙarafa, ya bar maka ɗanɗanon ƙarfe a baki. Sai ludayi, da ƙaramar rariya, da ma'aunin zafi na girki in akwai.

Haɗawa

Fara da lemon. Ɗauki wuƙa mai kaifi ka fere ɓawon siriri, launin ruwan lemon kawai, ka bar farin da ke ƙarƙashi a jikin lemon. Idan ka ɗaga yankan ka ga fari ya biyo shi, kwantar da shi a katako ka kankare. Ƙamshin duk yana cikin fatar waje, ɗacin kuma yana cikin farin. Yanka huɗu ko biyar masu tsayin yatsa sun isa. Daga nan ka raba lemon biyu ka matse ruwansa a kofi, ka cire 'ya'yan.

Na biyu, zuba ruwan lemon a tukunya tare da sukari cokali biyu, da ɓawon, da kirfa, da kanumfari, da anis, da citta in za ka sa. In ruwan ya yi kaɗan har bai rufe gindin tukunyar da kyau ba, ƙara rabin kofi na ruwa. Dokar hana tsarmi ta 'yan kasuwa ce, ba ta shiga ɗakin girkinka ba. Ɗora a wuta matsakaiciya ka bar shi ya tafasa a hankali minti biyar zuwa goma, kana juyawa har sukarin ya narke. Wannan ne kaɗai lokacin da aka yarda wani abu ya tafasa a cikin wannan aiki, kuma dalilin ke nan da ake yin sa kafin giya ta shiga. Kirfa da anis itace ne, suna buƙatar zafi na gaske kafin su saki abin da ke cikinsu, zafin da giyar ba za ta jure ba. Za ka ga ruwan ya ɗan yi kauri, ya yi duhu, gidan duka ya ɗauki ƙamshi. Kada ka tafi ka bar shi, ruwan kaɗan ne, sukari kuma ba ya jira. Yana ƙonewa an gama.

Mutane da yawa ba sa bin wannan hanya, komai suke zubawa a giyar lokaci guda su ɗumama. Yana yi, sai dai yana ɗaukar lokaci kafin ƙamshin ya kama, mai gaggawa kuma sai ya ƙara wuta, daga nan ɓarna take farawa.

Na uku, rage wutar zuwa ƙarshenta, ka sauke tukunyar minti ɗaya ta huce daga tafasa, sannan ka tuttula giyar duka. Mayar da ita kan wuta, ka juya sau ɗaya.

A nan aikin yake. Abin da ake so shi ne giyar ta kai digiri 70 a ma'aunin Selsiyus, ta tsaya a nan. Sinadarin barasa zalla yana tafasa ne a digiri 78, kuma tun kafin a kai nan yake fara bin tururi, ƙamshin inabin ma yana bin sa. Ita giyar, da yake yawancinta ruwa ne, ba za ka ga tana ɓararraka ba sai ta kai wajen digiri 90. Ma'ana, idan ka tsaya jiran ganin tafasa kafin ka ce ta yi zafi, ka riga ka wuce wurin tun tuni. Giyar da ta tafasa tana rasa ƙamshinta, ta yi lami, ɗaci ya taso, launin ya juya daga ja zuwa ruwan ƙasa.

Wanda ba shi da ma'auni ya yi aiki da ido. Da farko saman giyar zai kwanta luf. Can sai ka ga tururi siriri ya fara tashi kamar hayaƙin turaren wuta da ya kusa mutuwa, sai wata 'yar kumfa mai haske ta fara taruwa a gefen tukunyar. To nan ne. Ɗebi kaɗan a cokali ka kai baki: ya zama sai ka ɗan hura kafin ka sha, amma ba ya ƙona leɓe. Idan ka fara jin tukunyar tana waƙa, ƙananan ƙwayoyi na tasowa daga ƙasa, sauke ta nan take. A murhun lantarki a kula sosai, don ƙarfensa yana riƙe zafi bayan an rage shi. Gara ka janye tukunyar gefe da ka dogara da makunni. Daga zuba giyar zuwa wannan matsayi, minti goma ne ko sha biyar a ƙaramar wuta.

Ranar da na fara yi ni kaɗai, dafa shi na yi kamar zoɓo. Na cika wuta, na rufe, na tafi wanka. Da na dawo tukunya na ta ɓararraka, ga lemon da na yanka faifai-faifai da ɓawonsa da farinsa duk ya dahu ya yi laushi. Oma ta shigo, ta ɗebi cokali ɗaya, ta riƙe a baki, ta haɗiye da ƙyar. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Yaro, wannan ba miya ba ce. Ba a dafa shi, lallashinsa ake yi." Ta ɗauki tukunyar ta juye a kwata, ta miƙo mini wata kwalbar daga kabad ɗinta.

Na huɗu, da zarar ta kai wannan zafi, kashe wutar, rufe tukunyar ruf, ka bar ta minti 20 zuwa 30. Murfin yana da muhimmanci: tururin da ya taru a jikinsa yana ɗigowa ya koma ciki da ƙamshinsa. A wannan zaman ne kayan ƙamshin da giyar suke sanin juna. Bayan minti 20 buɗe ka ɗanɗana. In kirfa ta fito, kanumfari yana bayanta ba ya gabanta, to ya isa. In har yanzu giya kawai kake ji mai ɗumi, ƙara minti goma. Wasu suna barin sa awa guda, har akwai masu kwana da shi. In za ka yi haka, tsame ɓawon lemon da kanumfarin bayan rabin awa, ka bar kirfa da anis kawai, su ba sa saurin yin ɗaci.

Na biyar, gyaran zaƙi. Sai yanzu, ba kafin yanzu ba, za ka san ko cokali na uku na sukari yana da wurin shiga. Ƙara rabin cokali, juya, ɗanɗana, haka har ya yi maka. Mai son zuma ya sa ta a nan. In zaƙi ya zarce, matsa lemon tsami kaɗan. In ya yi bauri, ƙara ruwan lemon zaƙi. In ɗaci ne na ƙonewa ko na farin ɓawo, gaskiya babu gyara. Sukari zai lulluɓe shi ne kawai, yana nan a ƙasa.

Na ƙarshe, tace da rariya a cikin wata tukunyar, ka sake ɗumamawa a hankali zuwa zafin nan na farko. Kafin ka zuba, cika kofunan da ruwan zafi na minti ɗaya ka zubar, in ba haka ba tangaran mai sanyi zai shanye zafin kafin kofin ya isa hannun baƙo. Kofi mai mariƙi ake so. Gilashi siriri yana iya tsagewa. Yanka sabon lemo siriri ka jefa a kowane kofi don kyan gani. In taro ne kuma ana son ya daɗe da zafi, juye tatacce a filas, ya fi a bar shi a kan wuta awa biyu yana ƙonewa a hankali.

In mutane sun fi huɗu, ninka giyar da lemon da sukarin, amma kada ka ninka kanumfari daidai da su. Kwalba biyu, kanumfari takwas. Kwalba uku, goma.

Sauran 'yan uwansa

Ana yin sa da farar giya ma, irin su Riesling ko Silvaner ko Müller-Thurgau. A nan a rage kanumfari zuwa uku, a sa tuffa 'yan yanka, zuma ta fi dacewa da shi a kan sukari. A rumfunan kasuwa za ka ji ana tambaya ko kana so mit Schuss, wato a ɗiga maka barasa mai ƙarfi irin rum ko amaretto a kai. A gida in za a yi haka, a kofi ake zubawa, cokali ɗaya, ba a tukunya ba, don kowa ya san abin da ya sha.

Faransawa suna ce masa vin chaud. Mutanen Suwidin nasu glögg ne, kadamon ya fi yawa a ciki, suna sha a ƙananan kofuna da busasshen inabi da almon a ƙasa, a ci da cokali. Akwai kuma wani na Jamusawa mai dogon suna, Feuerzangenbowle, inda ake ɗora curin sukari mai tsini a kan ƙarfe bisa bakin tukunya, a jiƙa shi da rum mai ƙarfin kashi 54, a cinna masa wuta, sukarin na narkewa yana ɗiga cikin giyar da shuɗin harshen wuta. Kallonsa akwai daɗi. Ba na ba wa sabon shiga shawarar gwadawa a ɗaki. Wanda ya nace, kada ya kuskura ya tsiyaya rum daga kwalba kai tsaye a kan wutar, domin wutar tana iya bin sa ta koma cikin kwalbar. Da ludayi mai dogon hannu ake zubawa.

"Ai wuta ta cinye giyar"

Wani dattijo ɗan Kano da muke mutunci da shi ya taɓa ziyartata ina cikin wannan aiki. Ya shaƙi ƙamshin ya ce, "Ƙanena, wannan shayin naka fa? Wani ya ce mini idan aka dafa, giyar tana ƙonewa ta fita, sai ruwan inabi kawai ya rage." Na ce, "A'a, Alhaji, wanda ya faɗa muku bai sani ba. Ku bar wannan tukunyar, taku tana nan gefe."

Wannan magana tana yawo sosai a tsakanin mutanenmu da ke Turai, har a kan abincin da aka dafa da giya, kuma ba gaskiya ba ce. Duk dabarar da na bayyana a sama ta hana barasar gudu ce. Ko da an tafasa da gangan ma ba ta fita da sauri: alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna abincin da aka dafa da barasa minti 15 yana riƙe da kusan kashi 40 cikin ɗari na barasar, bayan awa guda kashi 25, bayan awa biyu da rabi ma akwai saura kashi 5. Haka nan kwalbar da aka rubuta wa alkoholfrei a Jamus, wato marar barasa, doka ta yarda ta ƙunshi har kashi 0.5 cikin ɗari. Mai son ya tsira gaba ɗaya, ruwan 'ya'yan itace zai nema.

Masu sha kuma su yi lissafi. Kofi ɗaya na mililita 200 daga giya mai ƙarfin kashi 12 yana ɗauke da barasa kusan daidai da rabin lita na giyar biya mai kashi 5. Zaƙi da ɗumi suna ɓoye wannan, mutum ya sha uku yana zaton shayi yake sha, sai ya miƙe ƙasa ta juya. Ɗumin da ake ji a jiki ma akwai yaudara a ciki. Barasa tana buɗe jijiyoyin jinin da ke kusa da fata, jini ya taso, fuska ta yi zafi, alhali cikin jiki zafinsa yake zubarwa. Wanda ya bugu a daren dusar ƙanƙara ya fi kowa haɗarin sanyi ya kashe shi, don ba ya jin shigarsa. Mai ciki, da mai tuƙi, da mai shan maganin da bai jituwa da barasa, da yara, tukunya ta biyu ce tasu. A Jamus ba a sayar wa wanda bai kai shekara 16 ba giyar inabi, mai haɗin rum kuwa sai 18, kuma direban da bai kai shekara 21 ba doka ba ta yarda ya sha ko kaɗan ya kama sitiyari ba.

Tukunya ta biyu

Jamusawa suna kiran sa Kinderpunsch, wato na yara, amma manya da yawa shi suke sha. Yawanci da jan shayin 'ya'yan itace suke fara shi. Ranar da na juya bayan kwalin shayin na karanta abin da ke ciki, dariya ta kama ni: zoɓo ne kan gaba. Shi ke ba shi jan launin da tsamin. Tun daga nan na daina sayen kwalin, nake zuwa shagon 'yan Afirka in sayi zoɓon kansa. Shan sa da zafi ma ba sabon abu ba ne, mutanen Sudan da Masar sun daɗe suna shan zoɓo haka, su karkade suke ce masa.

Ɗauki zoɓo cikin tafin hannu ɗaya, ka ɗauraye shi da ruwan sanyi don yashi. Zuba ruwa rabin lita a tukunya da kirfa biyu, kanumfari biyar, anis biyu, citta da ɓawon lemo kamar dai na farko, ka tafasa minti goma. A nan ba ka tsoron wuta. Sauke, zuba zoɓon, rufe, bar shi minti goma ya jiƙa. In ya daɗe yana dahuwa tsaminsa yana yin kaifi. Tace. Sai ka ƙara matsattsen ruwan jan inabi na kwali rabin lita, wanda bai taɓa zama giya ba, da ruwan tuffa kofi ɗaya, da ruwan lemon da ka matse. Ɗumama a hankali ba tare da ya tafasa ba, don ruwan 'ya'yan itace ma idan ya dahu ɗanɗanonsa yana canjawa. Ɗanɗana kafin ka taɓa sukari, sau da yawa ba ya buƙata, inabin da tuffar sun wadatar. Ni nakan jefa kimba guda ɗaya da aka ɗan ƙwanƙwasa tun a tafasar farko. Oma ta ɗanɗana ta ce akwai wani hayaƙi-hayaƙi da ba ta gane ba, ta kuma miƙo kofi a ƙara mata.

Launin tukwanen biyu kusan ɗaya ne, ƙamshin ma haka, don haka idan za a yi su rana ɗaya a raba komai: tukunya daban, ludayi daban, rariya daban, kofuna masu launi daban. Nakan fara yin na zoɓon in juye a filas in rufe, in ɗaura masa jan zare a mariƙi, kafin ma in buɗe kwalbar giyar. Alhaji ya sha kofi biyu a ranar, ya tafi da sauran a filas ɗin, wanda har yau bai dawo mini da shi ba.

Abin da ya rage daga kowace tukunya a tace shi tas, a bar shi ya huce, a zuba a kwalba mai murfi a sa a firji. Kwana biyu zuwa uku yana nan lafiya, a ɗumama iya wanda za a sha kawai. In kuma ya zuba a farar riga, ko na giyar ko na zoɓon, a tsoma wurin a ruwan sanyi nan take tun bai bushe ba.